Ruwan Jego da Marken Bayan Gidanmu

Ranar da Kaka ta ce za a sare marken bayan gidanmu Asabar ce, kuma a ƙarƙashinsa muke zaune. Ina da ciki wata bakwai, na miƙe ƙafafu a tabarma ina tsinkar zogale. Maigidana yana dara da ɗanmu Najib, yana ta cinye yaron babu ko kunya, babbar 'yarmu Yasmin kuma tana ɓarar gyaɗa, rabi a kwano rabi a bakinta. Kaka, wato surukata mahaifiyar maigidan, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon rassan, sannan ta sauke ido kan carbinta.

"Iccen ga ya isa jego," in ji ta. "Na yi magana da Mati mai hwaskare."

Ɗan darar da ke hannun maigidana ya faɗi cikin yashi.

Sunansa Abdulmumini, a takarda kawai nake iya faɗinsa, a baki Malam nake cewa. Malamin kimiyya ne a wata sakandare a Safana, can yake kwana daga Litinin zuwa Juma'a, sai ƙarshen mako muke ganinsa a Batsari. Mutumin kirki ne, amma yana da wata cuta guda, ita ce maganar hayaƙi. A wurinsa kowane ɗan Adam yana barin sawun hayaƙi a sararin Allah kamar yadda yake barin sawu a yashi, kuma wannan hayaƙin ne ya ɗumama duniya har damina ta rikice. Saboda haka ya jingine babur ɗinsa ya koma keke, ya hana mu janareto ya kawo 'yar fitilar sola, ya gina mini murhun laka mai rungume tukunya wanda ba ya cin itace sosai. Ni dai na sha gaya masa cewa rabin wannan imanin nasa ne, rabin kuma tsadar fetur ce. Sai ya yi dariya ya ce duk wanda ya kawo shi hanya ya gode masa.

Marken nan kuwa mahaifinsa ne, marigayi Malam Armaya'u, ya bar shi tun yana ɗan tsiro lokacin da yake sharar gonar bayan gida. Ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya riƙa zuba masa ruwan alwala. Yanzu mutum biyu ba sa haɗa hannu a gindinsa. A da ranar Asabar mukan fita, mu je Ruma wurin iyayena ko mu hau duwatsu da yara. Tun da 'yan bindiga suka tare dajin, hanyoyin suka zama na kai-da-addu'a, sai duniyarmu ta tsuke ta dawo inuwar marken nan. Nan ne shaƙatawarmu, nan ne yawon buɗe idonmu, nan yarana suke ganin ubansu ya cire hula ya kwanta rigingine yana musu da rediyo.

"Inna, marken Baba fa kuka ce," in ji Malam.

"Na san ko na wane ne, ni na riga ka saninshi. Kai ka hwaɗa mani inda za ka samo icce na kwana arba'in."

Gaskiya Kaka ta faɗa. Haihuwata biyu na baya duk a gida na yi wanka, a Ruma, lokacin da itace ba abin tambaya ba ne, ƙannena su shiga daji da jaki su dawo da kaya har ba a ganin kunnen jakin. Yanzu gidanmu na Ruma kango ne, mahaifiyata tana Katsina a ɗaki guda tare da iyalin yayana. Wankan jegona ya faɗo kan Kaka. Dajin da ake samo itace kuma ba ya shiguwa, motocin itace an hana su, matan da suka yi ƙarfin hali suka je bakin daji ba duka ne suka dawo ba. Ɗan ƙullin da ake samu a kasuwa na girki ne, ba na tafasa tukunyar jego ba.

Malam ya fara abin da ya saba. Ya ce itace ɗaya irin wannan yana shanye hayaƙin da gida guda yake fitarwa, ya ce hamada tana matsowa, ya ce duk wanda ya sare babban itace ya cuci jikokinsa. Kaka ta bar shi sai da ya gaji.

"Ka gama? To ji nawa karatun. Na ruhe ɗiya guda sabadda sanyi ya shige ta. Ba ni ruhe ta biyu ina kallon icce tsaye."

Yayar Malam take nufi, Fatimatuzzahra, wadda ta rasu bayan haihuwa tun kafin a kawo ni gidan. Likitoci sun faɗi nasu dalilin, amma a wurin Kaka wanka ne aka yi wa wasa, kuma babu mai cire mata wannan daga rai. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne "ta biyu". Shekarun da na yi a gidan nan ban taɓa jin ta kira ni ɗiyarta ba sai ranar. Na sunkuyar da kai cikin zogale, ina son matar nan, ina kuma jin kamar in yi kuka saboda marken.

Malam ya roƙi alfarma. Ya ce a ba shi zuwa Asabar mai zuwa, zai nuna mata ruwan jego ba tare da an taɓa ko reshe ba. Kaka ta ce ɗanyen itace yana buƙatar wata biyu kafin ya bushe, don haka lokaci ya ƙure, amma ta ba shi. Ta naɗe tabarmarta ta shige gida. Daga ranar ba ta sake zagayawa bayan gida ba, ko shanyar kuka za ta yi sai ta aiki Yasmin. Na lura da hakan.

Juma'a da yamma sai ga Malam ya sauko daga motar Safana rungume da gilashin gaban wata matacciyar mota da ya roƙo a garejin makanikai. Yara na bin sa a baya suna tambaya ina sauran motar. Ya sa kafinta ya haɗa masa wani dogon akwati, ya shimfiɗa langa-langa a ciki, ya kwantar da duronmu na ruwa bayan ya shafe shi da baƙin fenti. Najib da Yasmin suka taya shi fentin, a ƙarshe ban san wanda ya fi shan fenti ba tsakanin duron da 'ya'yana. Da safiyar Asabar aka cika duron da ruwa, aka kifa gilashin a kai, aka karkata akwatin wajen rana. Bazara ce, irin ranar Batsari da ke sa kaza ta buɗe baki.

Ranar a ƙarƙashin marke muka wuni, amma babu wanda hankalinsa yake kan dara. Bini-bini Malam ya tashi ya je ya leƙa duron, ya dawo yana murza hannu. Bayan la'asar ya aika aka kira Kaka. Ta zo ta tsaya a bakin zaure na baya, ta juya wa marken baya. Malam ya buɗe famfon da ya sa a gindin duron, ruwa ya zubo cikin bokiti yana tururi. Kaka ta tsoma yatsa ta fizge da sauri.

Wayyo, ku zo ku ga Malam! Ƙirjinsa har ya fi rigarsa faɗi. Ya gyara tsayuwa kamar yana gaban aji, ya ce wannan zafin kyauta ne daga Allah, babu hayaƙi, babu toka, babu gatari. In aka ɗora shi a murhun laka, 'yan karare kaɗan sun isa su tafasa shi.

"Madalla," in ji Kaka. "Allah shi yi albarka. Wanga na marece ke nan. Na asuba hwa?"

"Wane na asuba, Inna?"

Kaka ta dube ni, na dube ta. Wallahi na so in riƙe, amma dariya ta ƙwace mini har ɗan cikina ya motsa. Mutumin nan ya haifi 'ya'ya biyu, ya karanta kimiyya har ya ƙoshi, amma bai san mai jego sau biyu take wanka ba, asuba da yamma. Ina zai sani? Duk wankan da na yi a Ruma na yi shi, shi kuwa sai ranar suna yake zuwa da babbar riga ya ci naman rago, ya ɗan leƙa jariri ya koma. A tunaninsa mai jego tana wanka ne irin nasa, in rana ta ɗaga a watsa ruwa a fito.

"Ranar taka da dare take hitowa?" Kaka ta tambaye shi.

Malam ya juya ya dubi duronsa. Kafin gari ya waye ruwan zai huce, in kuma aka ce a tafasa ruwan sanyi cikin babbar tukunya kullum da asuba, karan gonarmu ba zai kai ko'ina ba. Sai itace, sai marke. Dariyata ta tsaya cak, don a lokacin na gane abin da nake yi wa dariya.

"Asabar mai zuwa Mati na tahe bayan sallar asuba," in ji Kaka, ba tare da ɗaga murya ba. Ta juya ta shiga gida.

Litinin Malam ya tafi Safana kamar wanda aka yi wa rasuwa, ko karin kumallo bai gama ba. Ni kuma na zauna da abin a raina. Ni ce fa dalili. In aka sare marken nan, duk ranar da yarana suka fita bayan gida suka ga kututture za su san don ni aka yi, kuma jaririn da zan haifa zai taso ana ce masa shi ya ci inuwar gidan. Wannan tunanin ya hana ni sakat.

Talata ina tsaye kan tukunyar wake, ina lallaɓa 'yan itatuwan da suka rage, sai mahaifiyata ta faɗo mini a rai. A Ruma in za ta tafi tatsar shanu ba ta barin tukunya a wuta. Da wake ya yi tafasa ɗaya sai ta sauke, ta tura tukunyar cikin kwandon ƙaiƙayi ta rufe da tsohon zane. Ta je ta yi tatsa, ta kai nono, ta dawo ta tarar wake ya nuna luguf, tukunyar ko taɓuwa ba ta yi don zafi. Na ajiye muciya na fita bayan gida na tsaya kan duron Malam. Ashe ba wuta yake buƙata ba, mayafi yake buƙata.

Ƙaiƙayin gero ba abin nema ba ne a Batsari, a masussuka yake jibge iska na wasa da shi. Na roƙi maƙwabciyarmu Zuwairatu, ta sa aka kawo mini buhu-buhu. Na zauna kan keken ɗinkina da wannan tulun cikin, na farke tsofaffin buhuna na haɗa su, na ɗinka wata ƙatuwar katifa na ɗura mata ƙaiƙayi. Sauran na cusa a kewayen akwatin, ƙasa da gefe, babu inda na bari iska za ta shiga. Jikina ya yi ta ƙaiƙayi kwana biyu, bayana kamar zai balle, Zuwairatu tana ta cewa in ji tsoron Allah in zauna.

Gwajin farko bai yi ba, don sai bayan magariba na rufe, zafin ya riga ya gudu, da safe na tarar da ruwa ɗumi-ɗumi irin na wanke jariri. Washegari tun rana tana da sauran ƙarfi na kifa katifar kan gilashin, na danne gefunan da duwatsu. Da asuba na buɗe famfon kaɗan na tara hannu. Zafin ruwan ya sa na yi tsalle, ni da ko sunkuyawa ba na iyawa. Ban gaya wa kowa ba, har Kaka, wadda take wucewa ta tsakar gida tana kallon ƙaiƙayin da ke gashina.

Juma'a Malam ya dawo, ko keken da yake ajiyewa a tasha bai hau ba, turo shi ya yi. Ya shigo ya zauna bakin gado.

"Maman Yasmin, na yi ta tunani," in ji shi. "A bar Inna ta sare. Ke kin fi mini itace."

Na ji daɗin maganar har cikin ƙashina, amma ban nuna ba. Na ce ya taso ya raka ni bayan gida in nuna masa wani abu. Ya ga duronsa lulluɓe da katifa kamar mai zazzaɓi. Ya kai hannu zai ɗaga, na buge hannun.

"Kul! Ka taɓa ka ɓata mini aiki. Sai da asuba."

Ya dubi katifar, ya dubi buhunan ƙaiƙayin, ya dube ni. Na ga lokacin da abin ya shiga kansa, don sai da ya dafe hula da hannu biyu.

Ana sallame sallar asuba Mati mai faskare ya yi sallama, gatari a kafaɗa. Ya durƙusa gaban Kaka, wadda ta sa aka kai mata kujera 'yar tsuguno bakin zauren baya.

"Hajiya, an tashi lahiya? Ya ƙarhin jiki? Ya muka ji da zahi?"

"Lahiya lau, Mati. Ya iyali? Ya mai tsohon ciki? Ɗan dakata, yaran ga na da abin da za su gwada mani."

Mati ya koma gefe ya fito da dutse ya fara wasa gatarinsa. Ƙarar nan, ƙarat ƙarat, har cikin haƙorana nake jin ta. Yara sun fito da barci a idonsu sun jingina da gindin marken kamar masu gadi. Malam ya ɗage duwatsun, muka yaye katifar, ya buɗe famfo. Gari bai gama wayewa ba, amma kowa ya ga tururin da ya tashi. Aka cika babbar tukunya aka ɗora kan murhun laka, na tura karan dawa na kunna. Kafin Mati ya gama wasa gefe ɗaya na gatarin, tukunya ta fara kuka, kafin ya juya ɗaya gefen ta tafasa tana ɓulɓula. Karan da na ɗebo ko rabi bai ƙare ba.

Kaka ba ta yarda da yatsa ba wannan karon. Ta sa Yasmin ta karyo mata ganyen darbejiya, ta ɗaure shi dami kamar yadda ake yi wa mai jego, ta tsoma cikin tukunyar, ta janye zane ta fyaɗa a ƙwaurinta.

"Wayyo Allah! Kashe ni za ku yi?"

Najib ya fashe da dariya, na harare shi, nima ina danne tawa. Kaka tana shafa ƙafa tana tambaya, kullum haka zai yi? Na ce kullum, in dai rana ta fito, kuma bazara muke ciki. Ta ce karan zai kai arba'in? Malam ya nuna mata tsibin karan dawar bana da ke jingine a katanga, ya fi shi tsawo. Ta daɗe tana kallon tsibin, tana motsa baki.

"Mati," in ji ta, "aje gatarin nan ka sha kunu."

Yara suka sa ihu har kajin maƙwabta suka watse. Malam ya rasa abin yi, sai ya kama hannun Mati yana ta girgizawa kamar shi ne ya ci jarrabawa. Mati ya ce wallahi shi ma ba da son ransa ya zo ba, don ya sha hutawa a inuwar nan in ya dawo daga aiki. Sannan ya matso kusa da duron ya zagaya shi, ya rage murya.

"Malam, wanga abu zai yiwu a yi mani irinshi? Tawa ma ta kusa, kuma bakin dajin nan ba ni son komawa."

Bayan wata biyu na haifi namiji, aka sa masa sunan kakansa, muna ce masa Baba Ƙarami tunda Kaka ba za ta iya kiran sunan mijinta ba. Na yi wankana arba'in cif, safe da yamma, da ruwan da har yau in na tuna sai fatata ta tashi. Duron bai huta ba bayan ni. Daga gidan Mati ya wuce gidan ƙanwar Zuwairatu, makanikan Safana kuma suka fara ɓoye tsofaffin gilasai don wasu daga ƙauyukan Karare da Wagini sun fara zuwa nema. Malam yanzu in zai ba da labarin sai ya ce "da muka gano maganar ƙaiƙayi", ni kuma in ce masa wane mu.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai ranar da Mati ya zo da gatarin nan ya faru, da hantsi. Mun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin marken, Malam ya haƙa ramukan dara, na dama kunun gyaɗa da sauran ruwan zafin. Sai ga Kaka ta fito daga zaure da tabarmarta a hammata, karo na farko tun ranar da ta yanke hukunci. Ba ta kalli kowa ba. Ta shimfiɗa a gindin itacen, ta zauna ta jingina bayanta da shi, ta miƙe ƙafar da ta ƙona. Can na ga ta kai hannu baya tana shafa ɓawon a hankali. Ni ce mafi kusa da ita, don haka ni kaɗai na ji abin da ta ce wa marigayi mijinta.

"Malam, ga abinka nan. Ban sare maka ba."

Ta ɗago ta ga idona cike da ƙwalla, sai ta ɗaure fuska.

"Ke kuma mi kike kallo, ɗiyar nan? Zubo mani kunun tun bai huce ba."